Rasuwar Malama Ya Falmata Aji, Malamar Gwajin Tsoka ta Tumfure

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Masu Koyar da Gwajin Tsoka da Motsa Gaɓoɓi ta Gombe, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Rufa'i Ɗantala, ta samu labarin rasuwar babbar malamarta, Malama Ya Falmata Aji, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Laraba bayan jinya, aka kuma sallace ta a unguwar Madaki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta iso Gombe daga Borno tare da maigidanta, Alhaji Madu, da 'ya'yansu, bayan 'yan bindiga sun ƙone garinsu har da ɗakin da take duba marasa lafiya. Ta tarar da mata da yawa suna ɓoye ciwon kafaɗa da na baya saboda ba sa son namiji ya taɓa su, don haka ta buɗe aji a wani shago a Tumfure, ta shiga horar da mata. Ita ta koya musu yadda ake sa majinyaci ya ɗaga hannu, a danna a hankali, a ji inda tsoka ta kasa riƙewa, a kuma san lokacin da ya wajaba a tura mutum wurin likita ba tare da jinkiri ba. Malama Fadimatu Joda, wadda a yau take horar da wasu, a hannu aka fara kawo ta wurin marigayiya da raunin fashewar bam, ba ta iya ko ɗaga kofi.

Ƙungiya ba za ta rufe bakinta kan abin da ya biyo baya ba. Saboda masu rauni suna shiga shagon, kuma saboda Barebari ne da yawansu, wasu maƙwabta suka yaɗa cewa 'yan ta'adda take yi wa magani. Jami'an tsaro suka kulle ajin, suka tafi da ita amsa tambayoyi, tana ta faɗa musu tana da ciwon suga, maigidanta yana kai magani ƙofa ana mayar da shi. Da bincike ya ƙare aka ce ba ta da laifin komai, aka sake ta ƙafafu a kumbure, ba ta ƙara tsayuwa gaban ɗalibanta ba. Har ta rasu babu wanda ya zo ya ce mata ta yi haƙuri. Mun ga wasu daga cikin waɗanda suka nuna ta da yatsa a zaman makoki suna shafa fatiha, alhali iyayensu mata sun kwanta a kan tabarmarta an duba su. Ba za mu kira suna ba, sun san kansu, kuma Allah Ya san su.

Shugaban Ƙungiya, da majalisar amintattu, da ɗaukacin malamai da ɗalibai, suna miƙa ta'aziyya ga Alhaji Madu, da 'ya'yanta Hajiya Rauda da Malam Abdurra'uf, da dukkan 'yan uwa na Gombe da na Borno. Allah Ya jiƙanta, Ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, Ya ba iyalanta juriyar wannan rashi.

Iyalan sun ce sun bar wa Allah, kuma mun girmama zaɓinsu. Amma kada wani ya ƙara ce mana ajali ne kawai. Ajali gaskiya ne, haka ma hisabi.

Sa hannu:
Uzairu Bamanga
Jami'in Hulɗa da Jama'a
Ƙungiyar Masu Koyar da Gwajin Tsoka da Motsa Gaɓoɓi ta Gombe