Taya Cike da Yashi

Kiyawa, 3 ga Oktoba

Ɗalibina Talha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Takarda na rubuto domin kunne ya yi nauyi, a waya sai dai in yi ta cewa "to, to" alhali ban ji komai ba.

Ranar Talata na shigo Dutse ganin likita, na biya ta filin wasa in ga yadda kake horar da ɗana Ziyad. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Ya sheƙa mita talatin, sai ya nemi ciyawa ya miƙe ƙafa, kai kuma kana tsaye kana kallon agogo. Awa guda na yi a gindin darbejiya, gudu shida na ƙirga. Shida, Talha! Akuyar gidana ta fi haka kafin hantsi. Saura sati biyar a zaɓi masu wakiltar jiha a gudun mita ɗari. Shekara talatin na yi ina koyar da motsa jiki a firamare, ban taɓa ganin zama ya ƙara wa mutum sauri ba.

Malaminka,
Arzika

Dutse, 7 ga Oktoba

Allah ya gafarta Malam,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara lafiya. Da na san kana gindin bishiyar nan da na zo na durƙusa.

Zaman da ka gani yana cikin aikin. Ƙafar da ta gaji ba ta koyon sauri, jan jiki take koya. Shi ya sa yake gudu kaɗan da iyakar ƙarfinsa, ya huta minti huɗu, sannan ya sake. Sauran lokacin muna gyara tashinsa, da ɗaga gwiwa, da wurga hannu.

Wani abu ne dai ke damuna. Duk Litinin in ya dawo daga gida, ƙafarsa ta yi nauyi. A da yana gama mita ɗari a ƙasa da sakan sha ɗaya, yanzu ya haura. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai. Jiya da ya cire riga na ga shatin igiya a ƙugunsa, kuma Malam, na san igiyar nan.

Ɗalibinka,
Talha

Kiyawa, 12 ga Oktoba

Talha,

Bayan sallama. E, ni ne, ba sai ka yi ta kewaye-kewaye ba. Asabar da Lahadi ina kai shi rafi, in ɗaura masa tayar mota cike da yashi, ya ja ta sau ashirin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai ma da tayar nan ka zama mutum. Ban taɓa riƙe yaro mai ƙafa irin taka ba. Ana saura kwana goma gasa ka watsar da gudu, ka ce karatu za ka yi. Ban taɓa faɗa maka ba, amma har yau abin yana ci mini rai. Ba zan zuba ido Ziyad ya koyi ragwanci irin wannan ba.

Ka gaida gida.
Arzika

Dutse, 16 ga Oktoba

Allah ya gafarta Malam,

Ina gaisuwa. Sau uku ina yaga takardar nan. Ka yi haƙuri da abin da za ka karanta.

Ban watsar da gudu ba, Malam. Ran nan a rafi, ina jan tayar, a ja na sha bakwai cikin ashirin, na ji wani abu ya tsinke a bayan cinyata, na faɗi. Ka ce, "Tashi, namiji ba ya zama." Na tashi na ƙarasa ukun. Da aka kai ni asibiti a ɓoye, likita ya ce naman ya yage, ya ce da na tsaya a faɗuwar farko da zai warke. Na gwammace ka ɗauke ni rago da in tsaya a gabanka in ce tayarka ce. Shekara goma sha biyu ke nan, har yau in na yi sauri sai na ɗingisa.

Shekaranjiya Ziyad ya dafe daidai wurin. An duba, bai yage ba tukuna. In ya huta kwana goma zai iya shiga zaɓen. In ya sake jan tayar nan, ina tsoron shi ke nan. Ba zai iya ce maka a'a ba, kamar yadda na kasa.

Ba na riƙe ka a zuciya. Kai ka tsamo ni daga cikin yara tamanin, ba takalmi a ƙafata, ka ce wannan zai yi gudu. Abin da aka koya maka ka koya mana. Roƙonka kawai nake.

Ɗanka,
Talha

Kiyawa, 18 ga Oktoba

Talha, ɗana,

Salamu alaikum. Kada Ziyad ya zo gida sai an gama zaɓe. Ka ce masa ni na ce ya zauna.

Tun jiya nake ƙoƙarin tunawa, na kasa. Cinyarka ta dama ce ko ta hagu? Ina tsaye a kanka da usur a baki, amma ban ko duba ba.

Ka yafe mini don Allah.

Arzika