Hannun Haruna ta Taga

Daren Talata, tsakiyar Sha'aban, unguwar Hindawiyya, ƙasa mai tsarki.

Gwiwa tana nan yadda take. Babu zazzaɓi, alhamdu lillahi. Sau uku yau na shinshina kwalbar turarena, har yanzu ina jin ƙamshi, don an ce korona tana ɗauke shi.

Maryam ta bene, mai shara a asibiti, ta yi min bayani daga bayan ƙofa: "Baba, a numfashi take tafiya, da tari da atishawa. Mutum yana iya kasancewa ɗauke da ita bai sani ba. Tsofaffi irinku ta fi kayarwa. Kada ka ba kowa hannu."

Jiya na faɗa wa abokina Haruna ta taga. Ya yi dariya. "Kai tsoho, shekara arba'in muna cin kwano ɗaya, yau ni ne annoba?" Ya miƙo hannu ta tsakanin ƙarafa. Ban karɓa ba, na ɗora nawa a ƙirji. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya. Kafin ya sha kwana na ji ya yi busasshen tari sau biyu.

Ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan. Na san ba zai kai kansa asibiti ba, ko da Maryam ta ce yanzu ba a tambaya.

Tun azahar na ajiye masa dabino a bakin taga. Wayarsa tana ta ƙara, ba a ɗauka. Ko fushi ne ko tarin, ban sani ba. Allah ya sa fushi ne.

Haruna bai zo ba.