Baba Yana Jiran Ruwan da Nake Gwadawa a Jikin Ɓeraye

Assalamu alaikum Anti, da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe.

Ni ce auta a gidanmu a Unguwar Sarki, ina karatun digirin digirgir. Bincikena a kan wasu mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe ne da ido ba ya gani. A ruwan allura ake sa su, su bi jini su taru a kan ƙari, sai ƙarin ya fito sarai a hoton MRI da na CT duka da allura ɗaya. Nunawa kawai suke yi, ba sa warkarwa, kuma har yau a jikin ɓeraye muke gwadawa. A gida ba wanda ya taɓa tambayata me nake yi. Yayyena Uwar Ɓeraye suke kirana, Baba kuwa daga "lafiya lau" ya gama da ni, hankalinsa na kan shagon yadinsa a Babbar Kasuwa.

Sai aka gano ƙari a hantarsa, likita ya ce a yi tiyata da gaggawa. Ranar Baba ya kira ni, ashe ya ji labarin bincikena, ya matsa min gefen dardumarsa, ya ce, "Auta, wannan ruwan naki, in ya gano ciwon ai kashe shi yake yi ko?" Wallahi tunda nake bai taɓa kallona haka ba. Na buɗe baki na ce, "E Baba, ya kusa fitowa."

Yanzu kullum bayan la'asar tare muke shan shayi, har lafiyar ɓerayena yake tambaya. Ya gaya wa 'yan majalisar masallaci 'yarsa ce za ta warkar da shi, asibiti kuwa ya ƙi komawa. Babban yayanmu ya roƙe shi, sai Baba ya ce, "A yanka ni alhali magani na cikin gidana?" Idanunsa sun fara rawaya, tazugen wandonsa kullum ƙara ɗaure shi yake. Wa zan faɗa wa? Umma ta rasu, ƙawayena kowa na gidanta da hidimarta. A ɗakin gwaji nake kukana, gaban kejin ɓeraye.

Abin kunyar, ba tausayinsa kaɗai ya rufe min baki ba. Tsoro nake ji shan shayin nan ya ƙare, in koma wadda ba a gani.

Jiya ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙo min damtsensa, ya ce, "Ki fara da ni, Auta. Ni na yarda da ke."

Jama'a, me zan yi?