Ɗan Isufa

Suwaidi, Riyad
Asabar

Zuwa ga Hajjo, Maman Muhibba,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada hankalinki ya tashi, amma tun tafiyarki 'yarki ta canja. Na ji ta a waya tana zuba Larabcin nan nata da ba na kamo rabinsa, sai maimaita wa ƙawarta take, "ina son Ɗan Isufa". Kin san Isufa ɗaya ne a kasuwar Batha, mutumin Maraɗi mai gyaran waya, ɗansa kuma Bachir ne. Na karɓe wayarta ban tsaya jin ta bakinta ba. Jiya bayan Juma'a na je shagon, a gaban 'yan uwanmu na wanke yaron tas. Ki gai da mutan gida.

Mijinki,
Dawuda

Suwaidi, Riyad
Laraba

Hajjo,

Bayan gaisuwa da fatan Inna ta samu lafiya, da ma waccan takardar ta ɓace a hanya.

Shekaranjiya Muhibba ta ajiye mini littafin jami'arta a buɗe a kan tabarma, ta koma ɗaki. Ashe "insan Dinisufa" take cewa, wato mutumin Dinisufa da Larabci. Dinisufa sunan wani kogo ne a Rasha, inda aka tono ɗan ƙashin yatsa da haƙoran wasu mutanen da, dangin waɗanda ake kira Niyandatal. Irinsu ya ƙare tun kafin a san rubutu, Allah ne masani. A kansu malaminsu ya ba su aiki. Surukin da na tayar wa ƙura ke nan, Hajjo, ko kwarangwal ɗinsa ba a samu cikakke ba.

Ki yi dariyarki, ni kam na kasa. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na mayar mata da wayar, ta karɓa da hannu biyu ba ta dube ni ba. Abinci tana kawo mini, amma hirar nan da take yi da ni da gurguwar Hausarta ta daina.

Jiya na koma Batha, na ba Isufa da Bachir haƙuri a gaban jama'a, na yi bayanin kogo da ƙashin yatsa. Sun yafe. Sai dai ina juya baya na ji wani yana cewa uban yarinya ya iya rufa asiri, har da ƙirƙiro mutanen kogo. Yau da safe matar maƙwabcinmu ta tare ni a bakin ƙofa tana tambayar yaushe ne baiko.

Ba wanda ya taɓa haɗa sunan 'yarmu da na wani namiji a garin nan sai ni ubanta. Don Allah ki kira ta, ke tana jin maganarki. Ni ban san da wane baki zan gaya mata abin da ake faɗa a waje ba.

Naki mai neman afuwa,
Dawuda