Furen Da Ya Nannaɗe Turke

Fatakwal

Zuwa ga Yaya Rabo, Damari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da ciwon gwiwarta, da iyali baki ɗaya. Ya damina? Mu nan sai godiya.

Na ba Ɗanliti direba wannan takarda ne don in na kira ka a waya, nauyinka ba zai bar ni in faɗi abin da ke raina ba.

Maiɗakina Barakatu ta dawo lafiya, tana ta yabon karɓar da kuka yi mata. Ka san ta, tashin birni ce, ko tafasa ta gani da fure sai ta tsaya. Ta cika wayarta da hotunan furannin dajinmu, su rai-ɗore da karkashi da balasanar bakin rafi. Tana nuna mani ɗaya bayan ɗaya, har na ji kamar ƙamshin ƙasarmu ya shigo ɗakin.

Sai ta zo kan wanda ta fi so: gonata ta gindin ɗorawa, ta rufe da wani fure mai ruwan hoda kamar an shanya atamfa. Yaya, ƙuduji ne. Dawar ko ƙugu ba ta kai ba. Ni da kai mun san ƙuduji ba ya cinye gonar da ta ƙoshi da taki. Da zan taho na bar maka bijimaina biyu, ka yi huɗa da su yadda kake so, takinsu kawai a kai gonata. Na ce a raina ƙila Yaya ya juya takin zuwa tashi gonar. Mai iyali ne, na yafe.

Hoton da ya biyo baya shi ya hana ni cin tuwo. Dumar kada ce ta nannaɗe wani guntun icce, ta yi fure har samanshi. Na gane iccen, ni na sassaƙa shi. Turken babban bijimin ne. Ko ciyawa ba ta fitowa inda sa ke kwana, balle fure. Turken nan ya daɗe bai ga igiya ba. Barakatu ta ce ta tambaya, kun ce mata suna ruga wajen kiwo. Shanun huɗa, a ruga, tsakiyar damina?

Ko Sallar da ta wuce ka ce mani sun yi ƙiba har ba su wucewa ta zaure. A kan maganarka na shaida wa mutumin da nake wa gadi cewa da kaka zan aje aiki, in koma gida noma. Na gaji da buɗe wa mutane ƙofar da ba tawa ba.

Don Allah ka faɗa mani inda shanuna suke.

Ƙanenka,
Almu

Fatakwal

Zuwa ga Yaya Rabo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ya jikin ɗanka Abdulgafar, yanzu da na san akwai abin tambaya?

Saƙonka ya iso. Ashe bara waccan 'yan bindiga suka tare ɗanka Abdulgafar a hanyar kasuwar Yankara, aka sayar da shanuna aka fanso shi. Alhamdulillahi da ya dawo da rai. Wallahi da ka tambaye ni, da na ce a haɗa da gonar. Ɗana ne shi ma, ni na goya shi ranar da aka yi mashi kaciya.

Ba shanun ke cina ba. Duk Damari ta yi kuka, ta yi addu'a, ta zo barka, ni kuwa ina nan ina tambayarka ko dusa ta ishe su, kana amsa mani. Ka ce Inna ce ta hana, wai kada hawan jinina ya tashi ina nesa. Na yarda tausayi ne. Amma tausayin nan ya mayar da ni baƙo a gidan ubana.

Na koma wajen maigidan na roƙe shi ya bar ni a bakin aikina. Ya riga ya yi wa wani alkawari, amma ya ce zai duba. Ko ya bari ko bai bari ba, kada ku zuba idon ganina da kaka.

Ka sa a tuge ƙudujin a ƙone kafin ya zubar da iri, ko don maƙwabta. Ka ce wa Abdulgafar ba ya da laifi ko kaɗan.

Barakatu ta wanko hoton turken ta rataye a ɗaki. Ban hana ta ba. Duk cikin 'yan gidanmu, shi kaɗai ya faɗa mani gaskiya.

Allah ya bar zumunci. Ka huta lafiya.

Ƙanenka har gobe,
Almu