Gangar Shararka Ta Kife

Baban yara,

Na tafi ɗauko Inna daga asibiti, yau za a sallame ta. Ban tashe ka ba, don da na tashe ka, da ba mu rabu lafiya ba.

Gangar ƙona sharar nan da ka haɗa da tarkacen ƙarfe ta gama da ni yau. Ba ka huda gindinta ba, ruwan saman kwana uku ya taru a ciki, shara ta jiƙe ta ruɓe. Na je kunna wuta da safe, ashana ta ƙi kamawa. Da na leƙa, tsutsa ce fal, ga mushen ɓera ya kumbura yana yawo a sama. Na ce bari in karkata ta in tsiyaye ruwan, sai ƙafar gangar ɗaya ta ɓalle, komai ya kife mini a jiki. Sau biyu na yi amai. Na yi wanka har uku, amma warin yana nan a hancina.

Wai kai mai walda! Aikin mutane ba ya ɓallewa, sai na gidanka.

Inna a ɗakin baya za ta kwana, tagarta kuwa wurin take kallo, kuma ka san yadda ƙirjinta yake. Don Allah kafin mu iso da rana, ka kwashe ƙazantar nan, ka wanke wurin da sabulu.

In kana neman silifas ɗinka, su na sa. Suna can cikin ƙazantar, ni dai ban iya ciro su ba.

Maman yara