Ranar da Na Ɗaga Ido

St. George, New York
Yuni, 1972

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Dada? Fanna ta sauka kuwa?

Albishirinka, Baba: na ci jarrabawa! Ka tuna Bajamushen da nake bincike a kansa, wanda ka ce me ya haɗa ni da mataccen Bature? Shekara ɗari uku da suka wuce ya fara da sharar barga, ya ƙare yana jan rundunar dawaki. Kafinsa, mahayansu kan yi harbi daga nesa su juya. Shi kuwa ya ce a zare takobi a tunkari maza gaba da gaba.

Bara malaman nan kayar da ni suka yi. Na zauna gabansu kaina a sunkuye, yadda ka koya mana. Ashe a wurinsu mai sunkuyar da kai bai san abin da yake faɗa ba! Haka na ƙara shekara ina wanke-wanke a wani asibiti. Hannuna ya ɗan tsage, amma ya warke, kada a gaya wa Dada.

Bana sai na yi irin ta Bajamushen. Na kafe babbansu da ido har shi ya koma kallon takarda. Da muka gama ya miƙe ya ce, "Barka, Dokta Sahabi."

A aiko mini da kilishi. Allah ya ƙara girma. Kada ka damu, Baba, in na zo gabanka idon zai koma ƙasa, inda ka ajiye shi.

Ɗanka,
Sahabi